Farin Yadin da Na Kai Tafkin Saimaa

Alhamis, Deira

Tun kafin a kira assalatu na sauko daga benenmu da ke Deira, wata Alhamis cikin watan Yuni, shekarar da ta gabaci korona. Zafin Dubai ba ya barci. Kafin in tsallaka titi in kai ga tasi, rigata ta manne mini a baya. Jaka ɗaya ce a hannuna, kuma a ƙasanta, ƙarƙashin kayan sawa, akwai farin yadi na likkafani. Na ƙanina Mansur ne.

Bari in koma baya kaɗan don ku gane. Ni ne babba a ɗakinmu, ina aikin lissafi a wani kamfanin kago a nan Deira. Mansur shi ne auta, yana karatun gandun daji a Finland, a wani gari da ake kira Savonlinna. Innarmu tana Katsina. Duk gidanmu masu surutu ne, ni ma ban tsira ba, amma Mansur ya fi kowa. Kowace Juma'a sai ya kira Inna ya cika mata kunne har wayarta ta yi zafi. Tun daga watan Maris sai kiran ya tsaya, ya koma turo rubutu. Inna ba ta karatun boko, sai dai a karanta mata. Kullum in mun yi waya sai ta ce mini, "Babangida, ni ba takarda na haifa ba. Muryar Auta nake so in ji."

Ƙaramar Sallah ta zo ta wuce, nan ma rubutu. Daga nan sai wayar tasa ta mutu gaba ɗaya, fiye da mako. Na laluba na samo lambar matar da yake haya a gidanta, wata dattijuwa mai suna Helmi, na kira ta. Da Turanci muka yi magana, nata gajere ne ƙwarai.

"Mansur yana tare da ni a bakin tafki," in ji ta.

"A ba shi wayar mana."

Sai ta ce, "Ba zai iya magana da kai ba. Ba ni ce zan faɗa maka ba. In za ka iya, ka zo."

Na san wannan yaren. Ranar da mahaifinmu ya rasu ina nan Dubai, kawuna ya kira ni ya ce, "Baba na son ganinka, ka zo." Ashe lokacin ma sun dawo daga maƙabarta. A wurinmu ba a jefa wa mutum mutuwa ta waya, sai a ce masa ya zo. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Ban sake tambayarta komai ba, na ce ina tafe. Allah ya taimake ni, bizar da kamfani ya yi mini ta zuwa Turai ba ta ƙare ba.

Ana gobe zan tashi na hau abra, ɗan kwale-kwalen fito, na tsallaka zuwa Bur Dubai, wurin abokina Malam Isufu, mutumin Damagaram da ke harkar yadi. Na gaya masa yadda muka yi da matar. Ya cire hula ya shafa kai.

"Mon frère, ɗan'uwana, ka yi sauri," ya ce. "Mutanen nan suna ajiye mamaci sati da sati, wasu ma ƙonawa suke yi. Wa zai yi masa sutura a can? Ka tafi da naka."

Ya jawo fari mai kyau ya yanka, ya naɗe. Na sa hannu a aljihu, ya riƙe mini hannu. "Halas, magana ta ƙare. Je ka kawai." Da na koma gida matata Bilkisu ta ga yadin. Ta ɗauko kwalbar turare da sabon sabulu ta cusa a gefensa. Inna kuwa ce mata na yi aiki ne zai kai ni Turai, zan biya in duba Auta. Ta yi murna har da shi mini albarka, abin da ya fi komai yi mini ciwo ke nan.

Na yi sallar asuba a masallacin filin jirgi. Jirginmu ya ɗaga da hantsi, muka sauka Santambul, na yi zaman jira na 'yan sa'o'i ina kallon mutane suna cin abinci kamar ba a mutuwa. Daga nan sa'a uku da rabi zuwa Helsinki.

Helsinki

Ta tagar jirgi na fara ganin ƙasar. Daji ne kore shar, an yayyafa masa ruwa ko'ina, tafki nan tafki can, har ka rasa ko ƙasa ce ke cikin ruwa ko ruwa ne ke cikin ƙasa. Mun sauka wajen ƙarfe shida na yamma, rana kuwa tana sama kamar azahar.

Jami'in shige da fice ya daɗe yana juya koren fasfona. Ya tambayi abin da ya kawo ni, na ce ƙanina na zo gani. A wurin kwastan wata mata ta sa na buɗe jaka. Ta ɗaga yadin, ta shinshina turaren.

"Tsaraba ce?"

"Tsaraba ce," na ce.

Ta mayar da shi yadda ta same shi, har da gyara masa ninki.

Direban tasin da ya ɗauke ni Basomale ne, na gane Musulmi ne tun daga carbin da ke rataye a madubi. Muka yi sallama. Bayan mun ɗan yi tafiya na daure na tambaye shi, idan Musulmi ya rasu a ƙasar nan yaya ake yi. Ya kalle ni ta madubi.

"Akwai wurinmu a maƙabarta, akwai masu wanka. Amma takardu na ɗaukar kwanaki. A wane gari ne?"

Na faɗa masa.

"Can da nisa. Kuma gobe Juhannus, ɗan'uwa. Bikin tsakiyar bazararsu ne, kowa zai gudu bakin tafki. Ofis ko ɗaya ba za ka samu a buɗe ba sai Litinin." Ya rubuta mini lambarsa, ya ce in abin ya tabbata in kira shi, zai tara mutane. Na ji sanyi a raina, na kuma ji haushin wannan biki da ban san shi ba bai san ni ba.

Na kama ɗaki a wani ƙaramin otal kusa da tashar jirgin ƙasa. Kuɗin kwana ɗaya zai yi mini kwana uku a unguwar Al Ras da ke Deira, ga ɗakin kamar akwatin ashana. Zama ya gagare ni, na fita. Na bi wani titi har na ɓulla wani fili mai faɗi, inda wata farar majami'a ke tsaye a kan matakala masu yawa, da koren rufi mai kama da ƙubba. Matasa na zaune a matakalar suna shan iska. Na gangara bakin teku na tarar 'yan kasuwa sun naɗe rumfunansu, sai tsuntsayen teku, ɓarayin banza, na ga ɗaya ya fizge burodi daga hannun wata mata. Can cikin ruwa ga wani jirgin fito yana nufar tsibirin da ke da tsohuwar ganuwar soja. Mansur ya taɓa turo mini hotonsa a wurin, ya hau kan wata tsohuwar igwa yana dariya. Na juya baya na koma otal.

Abin da ya ƙara dagula ni shi ne magariba. Na yi alwala na zauna jiran rana ta faɗi, ta ƙi. Sai wajen sha ɗaya saura ta ɗan sunkuya, duhun kuma bai zo ba, sai wani haske-haske kamar na bayan asuba. Na haɗa sallolina irin na matafiyi na kwanta. Saƙon muryar Inna ya shigo: "Ka isa lafiya? In kun haɗu ka sa shi ya yi mini magana, ko kalma ɗaya ce." Na saurara sau ɗaya na kife wayar.

Juma'a, hanyar gabas

Da safe na sha kofi da wata 'yar waina mai baƙin gefe da shinkafa a tsakiya, ana shafa mata ƙwai da man shanu. Da a ce hankalina kwance yake da na ƙara. A ƙofar tasha akwai wasu ƙattin mutum-mutumi na dutse guda huɗu, kowanne ya rungumi fitila, fuska a murtuke. Na ce a raina, ko gumakan ƙasar nan ba sa fara'a.

Jirgin ƙarfe bakwai da 'yan mintuna na shiga, kuma a kan mintinsa ya tashi. Ya cika maƙil da masu tafiya biki, da jakunkuna da karnuka da yara, amma wallahi ɗakin jarrabawa ya fi shi hayaniya. A Deira mutum uku in suka haɗu a lif sai ka ɗauka kasuwa ce. Nan kuwa tarago guda, ba ka jin komai sai ƙarar ƙafar jirgi. Shirun ya sa tunanina ya samu fili yana ta kai da kawo.

Muka wuce Lahti, muka wuce Kouvola. Daji dai, daji dai, dogayen itatuwa miƙaƙƙu kamar an dasa su da igiya, sai wata bishiya mai farin ɓawo da suke kira koivu. Lokaci-lokaci dajin ya buɗe, ka ga tafki da jan gidan katako a gefensa. Kusa da ni wani tsoho ne mai farin gemu. Mun fi sa'a biyu kafaɗa da kafaɗa bai ce mini ci kanka ba. Ni ne na gaza, na tambaye shi wane irin biki ne wannan da ya kwashe gari guda.

Ashe in ka tono su suna da magana. Ya ce yau rana ta fi kowace rana tsawo, don haka kowa ke komawa gidan gonarsa na bakin ruwa. Za a kafa rassan koivu a ƙofa, a ɗaga tuta ta kwana a sama, a tara itace a bakin tafki a banka masa wuta. Kafin duk wannan kuwa sai an shiga sauna. Na ce mene ne ainihin saunar nan? Ya ce ɗaki ne na katako, ana hura wuta a ƙarƙashin duwatsu, a riƙa zuba musu ruwa tururi na tashi. Na ce to, sirace ke nan, muna da shi.

"Ya wuce wanka," in ji tsohon. "Ni a sauna aka haife ni. A zamanin da, nan mace ke haihuwa, nan kuma ake wanke mamaci. Shi ne wuri mafi tsabta a gida."

Na ce masa na gode. Ban sake tambayarsa komai ba har ya sauka a Imatra.

A Parikkala na sauya zuwa wani ɗan ƙaramin jirgi. Nan ne muka ratsa Punkaharju, wurin da aka ce duk ƙasar suna alfahari da shi. Wani siririn tudu ne ya miƙe a tsakiyar ruwa, itatuwa a kansa, tafki ta dama tafki ta hagu, rana na wasa a kai. Mutanen da suka yi shiru tun safe sai ga su sun miƙe suna ɗaukar hoto. Ni ma na gani, kuma ba zan yi ƙarya ba, ido bai cika ganin irinsa ba. Amma abin da nake lissafawa a lokacin shi ne ko ƙasar wurin tana haƙuwa, don na ga duk dutse ne.

Savonlinna

Dab da shiga gari jirgi ya hau gada, sai ga wata tsohuwar fada ta dutse a kan tsibiri, da hasumiya uku zagayayyu, ruwa na gudu ta kowane gefe. Sunanta Olavinlinna. Mun isa gari kafin azahar. Helmi na jira a bakin tasha, doguwar mace siririya, gashi fari fat, da takalmin roba. Ba ta sha wahalar gane ni ba, ni kaɗai ne baƙin mutum a wurin. Ta ce, "Ka sha hanya." Shi ke nan gaisuwar.

Na ƙura wa fuskarta ido, tunda an ce labarin zuciya a tambayi fuska. Fuskar Helmi ba ta ba da labari. Ta ce mu biya kasuwa kafin a tashi. Ta sayi dankalin Turawa sabon haƙa mai yawa, da ƙananan kifi soyayyu da suke kira muikku, da burodi. Na ce a raina, abincin masu zuwa gaisuwa ne. Ta miƙo mini kifin a takarda, na karɓa don kunya.

Tafiyarmu a motarta ta kai minti arba'in, kuma a nan na yi abin da har yau in na tuna nake jin kunya da dariya. Na ƙudurta cewa muddin ba a furta ba, ƙanina na da rai. Saboda haka na hana matar nan magana. Na yi mata surutu a kan itatuwa, a kan zafin Dubai, a kan tsadar kofi, har tarihin Katsina sai da na ɗauko. Sau biyu ta buɗe baki tana cewa, "Mansur..." ni kuwa in tare ta da tambayar sunan wani tsuntsu. Daga baya ta haƙura ta kama sitiyarinta.

Kwalta ta ƙare a bakin ruwa. Muka hau wani jirgin fito rawaya mai ɗaukar motoci, wanda ke bin igiyar ƙarfe zuwa ɗaya gaɓar, ba a biyan ko sisi. Wannan ruwa shi ne Saimaa. Daga can sai hanyar burji cikin daji, har muka tsaya gaban wani jan gidan katako. Ga motoci uku a fake. Ga rassan bishiya an kafa a gefen ƙofa biyu. Ga mutane zazzaune a waje, ba mai magana da ƙarfi, suka ɗago suka dube ni suka ɗan sunkuyar da kai. Can bakin ruwa ga tulin itace ya fi tsayina. Tsohon cikin jirgi ya riga ya gaya mini ma'anar duk wannan, amma maganar Malam Isufu ce ta faɗo mini.

Surutuna ya ƙare. Na ce, "Ina yake?"

Helmi ta nuna wani ɗan ɗaki a gangare, hayaƙi na fita ta samansa. "Yana sauna."

Na ɗauki jakata. Ta ce in bar ta a mota, na ƙi. Na gangara ina karanta duk abin da ya zo bakina, sauro na bina. Saura taku kaɗan in isa, ƙofar ta buɗe, Mansur ya fito da bokiti a hannu. Ya rame, ya naɗe wuyansa da ƙyalle, amma shi ne, a tsaye da ƙafafunsa.

Jakar ta suɓuce. Na so in rungume shi, sai faɗa ya riga fitowa. "Kai wane irin yaro ne? Ka san halin da ka sa Inna? Wata uku! Bakinka ciwo yake yi da ba za ka ɗaga waya ba?" Muryata ta tsallaka tafkin ta dawo, har wasu da ke cikin kwale-kwale suka waiwayo.

Ya ajiye bokitin. Ya buɗe baki, na ga leɓɓansa sun ce "Yaya," amma ban ji komai ba. Ya kwance ƙyallen. A gindin wuyansa akwai tabon ɗinki, daga wannan gefe zuwa wancan. Na zauna a kan ciyawa na yi kukan da na riƙe tun daga Deira.

Bakin tafki

Sai da ya kawo bakinsa dab da kunnena na iya jin sa, wata raɗa mai kama da iska a cikin kara. Ƙari aka gano a maƙogwaronsa, aka yi masa aiki a watan Maris. An cire ƙarin lafiya, amma aikin ya taɓa jijiyar murya. Likitoci sun ce za ta iya dawowa, ko duka ko rabi, sai dai a jira. Ya ɓoye ne saboda hawan jinin Inna, yana cewa bari mako mai zuwa, bari mako mai zuwa. Da Inna ta matsa da kira bayan Sallah sai ya kashe wayar, ya biyo Helmi nan.

"Nan ba wanda ya damu," ya raɗa mini. "Kowa shiru yake. Sai na wuni ban tuna ba ni da murya ba."

Muna cin dankali da kifi a kan wani dogon tebur tare da 'ya'yan Helmi da jikokinta, sai Mansur ya jawo jakata, wai yana neman yajin da ya san Bilkisu ba za ta bar ni in taho babu ba. Kafin in hana shi ya zaro yadin. Ya ga turaren, ya ga sabulun. Ya dube ni. Sai ya kama dariya, dariya marar sauti, kafaɗunsa na girgiza, hawaye na zuba. Can sai dariyar ta tsaya, hawayen bai tsaya ba. Ya rungume yadin a ƙirji.

Helmi ta tambayi abin da ke faruwa, na yi mata bayani. Ta ajiye cokali ta dube ni.

"Amma na ce maka yana tare da ni."

"A wurinmu haka ake faɗa, Mama. A ce ka zo."

"Mu in mutum ya mutu, cewa muke ya mutu," in ji ta. "Ya roƙe ni kada in faɗi ciwonsa, kuma ciwon mutum nasa ne. Ban faɗa ba. Amma bai ce kada in ce ka zo ba. Ka yi haƙuri. Doguwar hanya ce da wannan a jaka."

Ƙarfe shida suka ɗaga tutarsu fara mai shuɗin gicciye. Maza suka ja ni sauna, na ce da sharaɗin ba zan rabu da gajeren wandona ba, suka ce ba komai. Na zo daga Dubai ina taƙama na san zafi, ashe ban san komai ba. Aka ba ni damin ganyen koivu wai in riƙa dukan jikina da shi. Na ce ni da na yi tafiyar kwana biyu, kuma ni zan doki kaina? Da suka fita a guje suka faɗa tafki, na tsaya a gaɓa na tsoma ƙafa ɗaya na ce ya isa.

Da yamma ta yi, ko in ce da agogo ya ce yamma ta yi, aka cinna wa tulin itacen wuta. Can tsallaken ruwa ma ga wasu wutar suna tashi ɗaya bayan ɗaya. Muka koma gefe ni da Mansur, muka zauna a kan wani dutse. Na duba agogo, a Katsina an idar da magariba. Na fito da waya.

Ya riƙe mini hannu yana girgiza kai. "In ta ji ni haka, jininta zai hau."

"Rashin jin naka ne ke cin ta, Auta. Yau Juma'a, ranarka ce."

Na kira, duk da ni ma ban san yadda za ta ɗauka ba. Ta ɗaga a bugun farko. Na ce, "Inna, ga Auta. An yi masa aiki a wuya, ya warke, amma muryar ba ta gama dawowa ba. Ki kasa kunne sosai." Na kara masa wayar a baki. Ya haɗiyi yawu, ya tattara duk ƙarfinsa.

"Inna."

Ina jin kukan akuyarta daga can, da rediyon maƙwabta. Ya sake yunƙurawa zai ƙara, sai tari ya sarƙe shi.

"Ya isa," in ji Inna. "Ya isa, Auta, kada ka wahalar da kanka. Shekara nawa kana yi mini surutu ina saurare? Yau ni zan yi. Kai dai ka bar wayar kusa da bakinka, ina jin numfashinka."

Ta fara. Ta ba shi labarin akuyar da ta haifi biyu, da katangar da ruwan farko ya zubar, da wanda ya yi aure da wanda ya yi suna. Mansur na riƙe da waya da hannu biyu yana numfashi a hankali don ta ji. Wutar ta cinye ta zama garwashi, rana ta ɗan leƙa bayan itatuwa, Inna ba ta gama ba.

Komawa

Na ƙara kwana biyu. Ranar Lahadi Helmi da Mansur suka raka ni tasha, ta ba ni baƙin burodi da kwalbar 'ya'yan itacen daji da ta dafa da kanta. A hanyar dawowa na zauna ta taga, na kalli Punkaharju da idon mutum mai rai, har hoto na ɗauka. Daga Helsinki na kira direban nan Basomale na ce masa ba sai ya tara kowa ba. Ya yi ta hamdala kamar ƙaninsa ne.

Na sauka Dubai ranar Litinin da asuba, zafi ya tare ni a ƙofa kamar mai bina bashin gaisuwa. Bilkisu ta riga ta ji komai ta waya, duk da haka sai da ta buɗe jakar ta ga yadin da idonta. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Helmi da ta riƙe ɗan mutane kamar nata, da direban da ban ko tambayi sunansa ba.

Da la'asar na hau abra na tsallaka Bur Dubai. Malam Isufu na hango ni ya miƙe, ya cire hula, ya fara shirya fuskar ta'aziyya. Na ɗora yadin a kan teburinsa, yadda ya naɗe shi. Ya dube shi, ya dube ni.

"Habibi, ba a yi amfani da shi ba?"

"Za a yi," na ce. "Mai shi ya ce a kai wa tela, kaftani yake so na Babbar Sallah. Ya ce a yi wuyan da ɗan tsawo."

Malam Isufu ya mayar da hularsa, ya share ido da bayan hannu, ya jawo tef ɗin awo. "Yalla, maza," ya ce. "Faɗa mini tsawon yaron."